Ina riƙe da littafin kuɗin Zumuntar Mata, an ce in rubuta abin da ba a biya ba

Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, da iyali da aikin Ubangiji.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma shekara huɗu ke nan ina ma'ajiyar Zumuntar Mata a wata ikilisiya da ke Sabon Gari, inda muke sujada da Hausa. A farkon shekarar nan muka kafa gidauniya domin gwauraye da kuɗin makarantar marayu. A ranar, wata uwa daga cikin manyanmu ta miƙe ta yi alkawarin naira 300,000, aka rangaɗa guɗa har fasto ya sa mata albarka daga kan bagade. Bayan an tashi ne wata gwauruwa mai tuyar ƙosai ta same ni a bayan ɗakin sujada, ta kwance bakin zanenta ta ba ni naira 2,000 duk sun sha mai, ta roƙe ni kada in ambaci sunanta.

Har yau naira 50,000 kawai uwar nan ta kawo. Yanzu da za a karanta rahoton ƙarshen shekara a gaban dattawan ikilisiya, shugabarmu ta ce in rubuta cewa an biya duka, wai za a cika daga baya, domin mijin matar ne ya saya mana kwanon rufin ɗakin sujada, bai kamata a kunyata gidansa ba. Na ce mata hannuna ba zai iya ba, domin duk lokacin da na ɗauki biro sai Hananiya da Safiratu su faɗo mini a rai, waɗanda Ayyukan Manzanni sura 5 ta nuna cewa laifinsu shi ne sun kawo wani kashi na kuɗin filin da suka sayar suna nuna kamar duka ne. A wannan sura dai Bitrus ya ce wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane.

Tun daga ranar gaisuwa ta koma ta fatar baki. Ankon Kirsimeti da aka saba ɗauka a shagona an kai cinikin wani wuri, kuma wadda ta riƙe ni kamar ƙanwa tun zuwana Kano ta daina ajiye mini wurin zama. Maigidana, wanda mutum ne mai gudun fitina, ya ce in bar kaza cikin gashinta, in ajiye littafin kawai in ce kasuwa ta yi mini yawa. To, amma wannan ma ai ƙarya ce, kuma wadda za ta gaje ni za ta rubuta abin da na ƙi.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Na karanta Galatiyawa 1:10, inda Bulus ya ce da har yanzu mutane yake neman faranta wa, da bai zama bawan Almasihu ba, sai na tarar ayar ni ma ta kama ni, domin ina jin daɗi idan aka ce ma'ajiyarmu ba ta cin ko sisi, har wani lokaci nakan hango kaina ana yaba mini a gaban jama'a bayan gaskiya ta fito. Yaya zan gane ko Allah nake tsoro, ko kuwa sunana nake karewa?

Na riga na je wurin uwar nan ni kaɗai, kamar yadda Matiyu 18 ya koyar, ta ba ni ruwa, ta ce in gaida gida. Shin in koma da mutum ɗaya ko biyu, ko in kai wa fastonmu maganar a ɓoye, ko kuwa ya halatta in rubuta jimlar abin da ya shigo hannuna ba tare da sunan kowa ba? Lahadi biyu suka rage a karanta rahoton, don haka ina roƙon amsarka kafin nan.

'Yarka cikin Almasihu,
daga Sabon Gari, Kano.