Zuwa ga Yaya, a kan ciwon ƙugun Inna

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, da iyali da mutanen gida duka. Nan Faransa lafiya lau, sai sanyi da ya shigo.

Saƙon muryar Inna ne ya hana ni sukuni. Ta ce ƙugu da cinyoyi na mata ciwo, in ta yi sujada ba ta tashi sai ta dafa bango. Kun ce tsufa ne. Wataƙila. Amma a gidan tsofaffin da nake aiki, irin wannan kukan kan sa likita ya duba bitamin D a jini.

Shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, ƙashi ya yi ƙwari. In ya yi ƙaranci ƙashi kan yi laushi, gaɓoɓi su mutu, ɗan zamewa a banɗaki sai ya karya ƙugu. Fata ce ke samar da shi in rana ta taɓa ta. Nan daga Oktoba zuwa Maris ranar ba ta da wannan ƙarfin, shi ya sa ake ba tsofaffinmu na sha, wani ruwa mai maiƙo a 'yar kwalba.

Na san za ka ce a Tawa ai rana har ta yi yawa. To yaushe rabon da ta taɓa jikin Inna? Tun rasuwar Baba tana ɗaki, labule a sake, in ta fito kuwa hijabi har ƙasa. Ga shi fatar tsoho ba ta samar da shi kamar ta yaro, baƙar fata kuma ta fi buƙatar lokaci. Da hantsi a shimfiɗa mata tabarma wajen madafa, inda maza ba sa shiga, ta buɗe hannuwa da ƙwauri kafin zafi ya taso. A riƙa ba ta ƙwai da sardin na gwangwani, akwai bitamin D a cikinsu. Nono a fura da cuku kuma don kalsiyam.

Kuɗin da na turo na ganin likita ne, don Allah ban da masu tallar magani a tire. Wanda ya haura shekara 70 ana so ya samu bitamin D UI 800 a rana, a ma'aunin likitoci, amma yawansa na taɓa ƙoda, saboda haka likita ne zai yanka mata adadin. In ya ce sai an je Yamai gwajin jini, ka faɗa mini in ƙaro na mota.

A gaishe da Gwaggo, a ce mata man zafin nata na hanya.

Ƙanwarka.