Kun Lissafa Lambobin Smoktunovsky, Kun Tsallake Norilsk

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na al'adun duniya na makon jiya, inda kuka taɓo ɗan wasan kwaikwayo na Rasha Innokenty Smoktunovsky. Na ji daɗi, don an daɗe ba a ambaci Rasha a rediyo ba sai in maganar yaƙi ta taso, ko tsadar alkama da taki. Amma ina da ƙorafi.

Mai gabatar da shirin ya jero mana lambobin yabo: lambar Lenin a 1965, muƙamin ɗan wasan jama'ar Tarayyar Sobiyet a 1974, lambar gwarzon aiki a 1990. Duk gaskiya ne. Sai ya rufe da cewa mutumin ɗan lelen gwamnati ne tun farko har ƙarshe. A nan muka raba gari. Kun ɗebi tuwon sama kun bar ƙanzo a tukunya, alhali gwamnatin da ta rataya masa waɗannan lambobi ita ce ta yi shekaru tana yi masa kallon maci amana.

An haife shi ranar 28 ga Maris 1925 a wani ƙauye mai suna Tatyanovka a yankin Tomsk na Siberiya. Yunwa da tsarin gonakin haɗin gwiwa suka kori iyayensa daga ƙauye zuwa Krasnoyarsk, kuma da fatara ta tsananta aka ba gwaggonsa riƙonsa. Mahaifinsa ya tafi yaƙin duniya na biyu bai dawo ba. A 1943 shi ma aka ɗauke shi soja. Ya halarci gumurzun da aka yi da Jamusawa a Kursk, ya kuma samu lambar jarumtaka saboda tsallake kogin Dnieper ɗauke da saƙo zuwa hedikwata ana luguden wuta. A Disamban wannan shekarar Jamusawa suka kama shi kusa da garin Zhitomir a Yukren. Kimanin wata guda ya yi a hannunsu kafin ya sulale ya gudu. Wata tsohuwa 'yar Yukren ta ɓoye shi a gidanta, ta yi jinyarsa, duk da ta san in an gano, kashinta ya bushe. Da ya farfaɗo ya shiga 'yan sari-ka-noƙe, daga baya ya koma rundunar gwamnati, yaƙi ya ƙare yana cikin ƙasar Jamus.

Kowa zai ɗauka irin wannan yaro da ganga za a tarye shi. Ina! A zamanin Stalin, shugaban Sobiyet na lokacin, sojan da abokan gaba suka taɓa kamawa abin zargi ne, ko da ya tsere, ko da ƙirjinsa cike yake da lambobi. Aka haramta masa zama a manyan birane 39. A 1946 ya tattara ya nufi Norilsk, kuma wannan sunan ne ban ji ko sau ɗaya a shirinku ba.

Norilsk gari ne na haƙar ma'adinai can ƙuryar arewa, inda rana kan yi fiye da wata guda ba ta leƙo ba a lokacin hunturu. Fursunonin Stalin ne suka gina shi da hannunsu. Akwai gidan wasan kwaikwayo a garin, kuma da dama daga cikin masu hawa dandamalinsa mutane ne da aka ɗaure ko aka kora daga manyan birane, irin su Georgy Zhzhonov, wanda shi ma daga baya ya shahara. A can ne aka matsa wa saurayin ya sauya sunan gidansu daga Smoktunovich zuwa Smoktunovsky. A can ya zauna har 1951, yana fitowa a wasa bayan wasa, rashin abinci mai gina jiki yana cin haƙoransa. Mutumin da bai kammala wata babbar makarantar koyon wasa ba, wannan ce jami'arsa, waɗancan ɗaurarru kuma su ne malamansa.

Daga nan ya koma garin Makhachkala, sai Stalingrad, sai Mosko a 1955, bayan mutuwar Stalin. Ya bi gidajen wasa ɗaya bayan ɗaya suna sallamarsa. Ya kwana a matakalar benayen mutane. Yana da shekara 30 a duniya, ba aiki tsayayye, ba ɗaki. Ɗan lele ke nan?

Wani ƙaramin matsayi ne a fim ɗin yaƙi na 1956, inda ya fito a matsayin hafsa mai tabarau, marar hayaniya, ya ja hankalin darakta Georgy Tovstonogov na babban gidan wasan Leningrad. Ya kira shi ya ba shi matsayin Yarima Myshkin, mutumin nan mai tsarkin zuciya da jama'a ke ɗauka gaula ne a littafin marubucin Rasha Dostoevsky. Atisayen bai zo da sauƙi ba. Smoktunovsky da kansa ya sha ba da labarin yadda ya gano bakin zaren: ya ga wani mutum tsaye a barandar kamfanin fim na Leningrad yana karatun littafi, jama'a na kai da kawowa suna bangazarsa, shi ko gezau. Ashe mutumin ya shafe shekaru masu yawa a sansanin gwale-gwale. Wannan tsayuwa da wannan kallo ya ɗauka ya kai dandamali. Aka buɗe wasan ranar 31 ga Disamba 1957, mutane suka riƙa hawa jirgin ƙasa daga Mosko takanas don su gani. Ina tambaya, wanda bai zauna da ɗaurarrun Norilsk ba, zai ma lura da mai karatun nan?

Fim ɗin Hamlet na 1964, da aka ɗauko daga wasan Shakespeare, wanda kuka fi daɗewa a kansa, haka yake. Grigori Kozintsev ya shirya shi, da fassarar Boris Pasternak da kiɗan Dmitri Shostakovich, mutum biyu da su ma suka ɗanɗana kuɗarsu a hannun hukuma. Fadar da ke cikin fim ɗin kurkuku ce: ƙofar ƙarfe na saukowa, 'yan leƙen asiri a bayan kowane labule. Smoktunovsky yana da shekara 39, ya ratsa cikin fadawa bakinsa a rufe, muryarsa kawai ake ji tana faɗin abin da ke ransa. 'Yan kallo a Tarayyar Sobiyet ba su buƙaci a yi musu bayanin wace fada ake nufi ba.

Ni dai a shekarun 1970 na san shi, ina ɗalibin injiniya a Leningrad, kuma ta hanyar barkwanci. A talabijin ɗin ɗakin taruwar ɗalibai aka nuna fim ɗin Eldar Ryazanov na 1966, inda ya fito a matsayin Detochkin, ma'aikacin inshora mai satar motocin 'yan cin hanci, ya sayar, ya aika da kuɗin gidajen marayu, yana adana rasit ɗin kowane kwabo. Bayan an tashi aiki yana wasan kwaikwayo a ƙungiyar 'yan sa-kai tare da ɗan sandan da ke farautar ɓarawon, kuma wasan da suke shiryawa Hamlet ne! Abokanmu Rashawa suna dariya, amma da aka zo wajen shari'a ɗakin ya yi tsit. Wata dattijuwa mai gadin ƙofa, wadda ba mu taɓa ganin haƙorinta ba sai in za ta yi mana faɗa, tana tsaye da makullai a hannu tana share hawaye da gefen ɗankwalinta.

Ba na cewa waliyyi ne ko ɗan adawa. Ya karɓi lambobin da aka ba shi, ya ma fito a matsayin Lenin a wani fim na 1965. Ya yi aiki a manyan gidajen wasan gwamnati, Maly daga 1972, inda ya taka rawar Sarki Fyodor, sannan gidan wasan fasaha na Mosko daga 1976 har rasuwarsa ranar 3 ga Agusta 1994. Amma girman ya zo ne bayan jama'a sun riga sun yanke hukuncinsu, hukuma ta bi sahu.

Roƙona shi ne ku sake ware wa wannan bawan Allah ko da minti goma sha biyar, ku ba shekarun 1943 zuwa 1957 haƙƙinsu. Tsofaffin ɗaliban Sobiyet suna nan birjik a Kaduna da Kano da Zariya da Yamai, likitoci da injiniyoyi da malamai, wasunsu sun gan shi a dandamali da idonsu. Ku gayyaci ɗaya ya zo ya yi magana.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya