A dawo wa yaranmu da darasin aikin hannu da lambun makaranta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridar nan in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai tun makon jiya.

Jikata 'yar aji huɗu ta dawo daga makaranta, ko takalmi ba ta cire ba ta ce, "Kaka, an ce jibi kowa ya kai aikin hannu, wanda bai samu yi ba ya kai kuɗi." Na ce maza ɗauko kwarashi, kwana biyu sun ishe mu saƙa abin ɗora kofi. Sai ta ce ai malamarsu ta ce kuɗin ya fi sauƙi, kuma maki ɗaya za a ba kowa. Malam Edita, shekara 35 na yi ina koyarwa a firamare, na san nauyin da ke kan malamai, ba na zargin malamar da ta faɗi haka. Amma daren nan ban yi barcin kirki ba. Yaro ya miƙa kuɗi a rubuta masa ya iya abin da hannunsa bai taɓa ba, me muka koya masa?

Mu a 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, kuma aka fara ilimin firamare kyauta, ina aji biyar. Kowane aji na da kunyoyinsa a bayan makaranta. Ranar aikin hannu kuwa maza na tufkar igiya da saƙar tabarma, mu mata muna ƙarƙashin darbejiya da zare. Wadda ba ta da kwarashi sai a lanƙwasa mata bakin tsinken wilin keke, da shi na fara. Sarƙar farko da na yi ta ɗaure tamau har tsinken ba ya shiga, malamarmu ta riƙe yatsuna ta ce in saki zaren ya numfasa.

Aure da aiki da renon 'ya'ya suka sa na ajiye saƙa shekaru masu yawa. Abin da ya dawo da ni gare ta takaba ce. Da maigidana ya rasu, Allah Ya jiƙansa, 'yan gaisuwa suka watse bayan sadakar bakwai, gida ya yi tsit. Wata huɗu da kwana goma ba wasa ba ne ga macen da ta saba fita tun da sassafe. Bayan karatun Alƙur'ani da lazimi, sai in zauna in zuba tagumi. Wata rana ina gyara akwati na ci karo da tsohon kwarashina a gwangwanin madara, ya ɗan yi tsatsa. Na goge shi da toka, na warware wata tsohuwar rigar sanyin marigayi da gwiwar hannunta ta huje, na jiƙa zaren a ruwan ɗumi na shanya ya miƙe. Hula uku na fitar a ciki, jikokinsa maza suka sa a hunturun shekarar. Mai saƙa dole ta riƙa ƙirge, in hankalinta ya tafi layi ya karkace sai ta warware ta sake. Wannan ƙirgen shi ya riƙe mini zuciya a lokacin da ba abin da ke riƙe ta.

Lambun kuma daga zogalen marigayi ya faro. Guda biyu ya dasa a gefen rijiya, na ga ba zan iya barin su su bushe ba. Daga ban ruwan zogale sai na ce bari in yafa alayyafo a gindinsu. Tsakar gidana siminti ne, saboda haka buhu na koma wa. Yanzu ina da buhu 23 jere da katanga, da tsofaffin bokitai da bahon da ya fashe.

Ga mai son gwadawa, ga abin da na koya da hannuna. A huda buhun daga ƙasa don ruwa ya wuce, in ba haka ba saiwa ta ruɓe. A haɗa ƙasa da ɗan yashi da takin awaki wanda ya daɗe ya huce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, na yi asarar tumatir buhu biyar kafin in gane. Alayyafo mako uku zuwa huɗu ake fara yanka, in an bar masa gindi ya sake tohowa. Kuɓewa wajen wata biyu take fara 'ya'ya, kuma tana son a tsinke ta duk bayan kwana biyu, in aka yi sakaci ta ƙosa sai dai a bar ta iri. Ba ta son sanyi, a hunturu tsugunewa take yi. Lokacin nan na tumatir ne da latas da karas. Rama da yakuwa da lalo kuwa ba su da fitina, damina kawai suke jira. Ruwa shi ne kukan kowa, na sani. Ni a kan baho nake alwala, ruwan wankin shinkafa da na ganye ma ba na zubarwa. Na wanki mai sabulu ne ba na kai musu.

Ƙadangaru da kajin maƙwabta tsohon gidan sauro ya raba ni da su. Ƙananan ƙwari kuma ganyen darbejiya nake dakawa in jiƙa ya kwana, in tace in yayyafa da yamma. Wadda ta fi ƙarfina ita ce tsutsar tumatir ɗin nan da ta yi ɓarna a Kano da Kaduna a 2016 har tumatir ya gagari talaka. Cikin ganye take shiga ta ci, sai ka ga fari-fari kamar an kankare. Da na gani nake tsinke ganyen in ƙona, kuma na daina barin tumatir ya kai tsakiyar bazara.

Duk wanda ya shigo gidana tambayarsa ɗaya ce, "Hajiya, nawa kike samu?" Har a shafukan mata na jaridu, da an ambaci saƙa ko lambu sai a ce sana'a, jari, riba. Ba na raina sana'a, matan da ke ciyar da marayu da injin saƙa sun fi ni lada. Kuma gaskiya ne tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kayan miya suka yi tsada, wanda ke da ganye a tsakar gida ya rage aike, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma ni ban taɓa sayar da ko ɗauri ɗaya ba. Shawul ɗin jariri yana cin mako uku a hannuna, wa zai biya wannan? Ranar suna nake kaiwa. Daɗin da nake ji in na ga uwa ta naɗe ɗanta a ciki, ko in maƙwabciya ta aiko yaro a tsinko mata ɗaɗɗoya, shi nake nema. In muka ce komai sai ya kawo kuɗi kafin a koye shi, yarinyar da ba ta da niyyar kasuwanci ba za ta taɓa ɗaukar kwarashi ba, ranar da za ta buƙace shi kamar yadda na buƙata kuwa ba ta da shi.

Kada kuma a ce aikin mata ne. A Zariya ai maza ma suna ɗinkin hula da aikin babbar riga. Da yawa daga cikin masaƙan da suka tufatar da kakanninmu maza ne.

Roƙona biyu ne. Hukumomin ilimin firamare su hana karɓar kuɗi ko tsintsiyar kasuwa a madadin aikin hannu, a yi shi a cikin aji a gaban malami, ko da ya fito a karkace. Makarantar da ba ta da fili ta jera buhu, kowane aji goma. A nan Samaru muna da cibiyar binciken aikin gona tun 1922, masana ba su ƙare ba, kuma tsofaffin malamai irina da yawa muna zaune a gida, in an kira mu za mu zo kyauta. Ku kuma, Malam Edita, ku ware mana ko rabin shafi ne a wata, a riƙa bayanin abin da ya dace a shuka a wannan lokaci da yadda ake fitar da safa ko hula, da Hausar da kowa zai gane.

Jikar tawa dai ban ba ta kuɗin ba. Mun zauna dare biyu, ta warware sau huɗu, ta yi kuka sau ɗaya. Ta kai abin ɗora kofinta ja da fari, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Jiya ta zo da ƙawayenta biyu, kwarashi biyu gare ni, na aika a nemo mini tsinken wilin keke.

Wassalam.

Tsohuwar malamar firamare,
Samaru, Zariya