Ba duk abin da ya taso a mama ne sankara ba, amma a je a duba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ina roƙon ɗan fili a shafinku na lafiya. Maganar sankarar mama da ake yawan yi abu ne mai kyau sosai wallahi, sai dai tsoron ya kai yanzu mace na jin wani abu a ƙirjinta sai hankalinta ya tashi gaba ɗaya, wata ma ta ƙi zuwa asibiti don kar a faɗa mata abin da take tsoro. Shi ya sa nake so a san ciwon da likitoci ke kira ciwon Mondor, sunan wani likitan tiyata ɗan Faransa, Henri Mondor, wanda ya yi bayaninsa a 1939.

Jijiyar jini ce ta ƙarƙashin fata a ƙirji ko gefen mama take kumbura, jini ya daskare a ciki. Sai mace ta ji wani abu dogo mai tauri kamar igiya an shimfiɗa ƙarƙashin fata, wani lokaci daga wajen hammata ya gangaro ƙasan mama har ya nufi ciki, in an taɓa akwai zafi, in kuma ta ɗaga hannu sama nan ne yake fitowa sosai, har fatar wajen ta ɗan lotsa ta yi layi. Wannan lotsawar ce ke firgita mutane, tunda ita ma sankara tana jan fata ciki.

Ba kasafai ake samunsa ba, ya fi kama mata masu shekara 30 zuwa 60 amma maza ma yana kama su. Yakan biyo bayan aiki a mama, ko buguwa, ko motsa jiki mai tsanani, ko rigar mama mai matsewa da yawa, sau da yawa kuma ba a gano dalili sam. Yawanci cikin sati 4 zuwa 8 yake warkewa da kansa, zafin ya fara tafiya kafin taurin ya bi baya, abin da likita zai ce bai wuce gasa wajen da tsumma mai ɗumi da maganin rage zafi irin su ibuprofen ba.

To amma ga inda nake so ku jaddada, Malam Edita. Kada wata ta karanta wannan ta yanke wa kanta hukunci tana zaune a ɗaki, ko ta kama murza wajen da ƙarfi wai sai ya baje. A wasu 'yan lokuta ana samun ciwon tare da sankara a ɓoye, shi ya sa likita kan ce a yi sikanin ko hoton mama kafin ya ce babu komai. In sati 8 ya wuce abin bai sauka ba, ko ƙullutu ya fito, ko kan mama ya fara fitar da jini, a koma asibiti kar a tsaya jira.

Ina roƙonku ku gayyato likitan mata ko na tiyata ya yi wa masu karatu cikakken bayani a kai.

Na gode,
Wata mai bibiyar jaridarku