A fara auna ruwan rijiyoyinmu kafin zancen ƙara fuloraid

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan batun zuba sinadarin fuloraid a ruwan sha na jama'a, wanda muhawararsa ta sake zafi tun da jihohin Utah da Florida na Amurka suka hana yin haka a shekarar 2025.

An fara wannan aiki ne a birnin Grand Rapids na Amurka a 1945 domin rage ruɓewar haƙora, kuma amfaninsa a nan ba abin musu ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne yawansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita, ma'aunin ruwan sha na Nijeriya ma haka ya tanada, Amurka kuwa a 2015 ta ba da shawarar 0.7 a ruwan da ake zuba wa sinadarin. Idan ya yi yawa, haƙoran yaran da ba su kai shekara takwas ba sukan fito da dabbare-dabbare, fari ko ruwan ƙasa, tabon da ba ya goguwa. Idan kuma aka daɗe ana shan mai yawa sosai, yakan taurara gaɓoɓi ya lalata ƙashi. A 2024 wani rahoton gwamnatin Amurka ya alaƙanta shan abin da ya haura 1.5 da raguwar kaifin basirar yara.

Abin da ke damuna shi ne halin da muke ciki a Kano. Ruwan Tamburawa da Challawa ba ya isa unguwanni da dama, saboda haka magidanta sun dogara ga rijiyoyin burtsatse da 'yan garuwa da ruwan leda. Shi kuwa fuloraid ba sai an zuba shi ba, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa ya shiga ruwa, kamar yadda haƙoran mutane da yawa a Kaltungo da Langtang suke shaidawa. Ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari, tafasa ruwa ma ba ta kawar da shi. Ga kuma zafin bazara, lokacin da yaro a Kurna ko Ɗorayi yake shan ruwa fiye da takwaransa na ƙasar sanyi nesa ba kusa ba, don haka adadin da ya dace da can zai iya yi mana yawa. Uwar da take dama wa jaririnta madarar gwangwani da ruwan burtsatse ta cancanci ta san abin da ke cikinsa.

Ina kira ga Hukumar Ruwa ta Jihar Kano da Ma'aikatar Lafiya da su haɗa kai da masanan Jami'ar Bayero, a auna rijiyoyin burtsatse unguwa-unguwa, musamman na makarantu da masallatai da waɗanda 'yan garuwa ke ɗiba, sannan a sanar da sakamakon da Hausa a gidajen rediyo. Jama'ar da ba ta manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yaran Kano a 1996 ba, ba za ta yarda a sa mata wani abu a ruwa ba tare da cikakken bayani ba, kuma tana da hujja. Kare haƙoran yara kuwa ana iya fara shi da aswaki da man goge baki mai fuloraid, muddin an koya musu tofar da shi maimakon haɗiyewa.

Wassalam,
Wani magidanci daga Gwale, Kano.