Baba, na hau jirgin ƙasan da ba shi da ƙafa

Assalamu alaikum Baba,

Da fatan kun wuni lafiya, ya jikin naku, ya gwiwar? Ya Inna da su Yaya Hadiza da yara. Ni lafiya ƙalau alhamdulillah, sai sanyi da ya fara shigo mana. Na san Maryam ce za ta karanta muku, to Maryam dan Allah ki bi a hankali kar ki dinga tsallake layi yadda kika saba, wannan saƙon na Baba ne musamman, tun ranar Talata nake Allah-Allah in samu zama in rubuta.

Alhaji Sani ya sauka lafiya kuma saƙo ya iso hannuna, kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa, Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Ya ce Inna ta ji haushi da ya ƙi karɓar kilishi, a ba ta haƙuri, gaskiyarsa ce, ba sa barin nama ya shigo ƙasar nan, da a filin jirgi za a ƙwace.

To Baba ga labarin. Filin jirgin da Alhaji ya sauka a nan Shanghai ta ƙasar Chaina sunansa Pudong, can bakin teku yake nesa da gari sosai, ni da zan je tarbo shi jirgin ƙarƙashin ƙasa na hau, layi na 2, ya fi awa ɗaya muna tsaye-tsaye a tashoshi. Da muka fito da kaya sai Alhaji ya ce shi fa ya gaji, tun daga Kano zuwa Addis Ababa zuwa nan ƙafarsa ta kumbura, wace hanya ce ta fi sauri? Na ce akwai wani jirgi da suke kira maglev amma da tsada. Ya ce nawa, na ce yuwan 50 kuɗin nan mutum ɗaya, ya ce kai Bashir wannan ne tsada, mu je. Ni kuwa shekarata biyu a garin nan ban taɓa hawa ba saboda yuwan 50 kwano biyu ne na taliyar Lanjo har da canji, ɗan makaranta ba ya wasa da wannan, sai ga shi Allah ya kawo mai biya. Shi ma an rage masa zuwa 40 da ya nuna takardar jirgin saman da ya sauko daga ciki a ranar, ni na biya cikakke, wato dai shi ya biya min.

Baba wlh tunda jirgin ya shigo tasha ku nake tunawa. Na tuna ina ƙarami in na kawo muku abinci tashar Sabon Gari, kuna bin taragai da doguwar gudumar nan kuna ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kuna cewa ƙafa mai lafiya ƙara take kamar ƙararrawa, mai tsagu kuwa muryarta a dushe take. Sai na tsugunna a bakin dandamali ina leƙen ƙasan wannan jirgin in ga irin ƙafafunsa, har wata ma'aikaciya ta yi min nuni in matsa baya. Babu ƙafa Baba. Ko ɗaya. Kuma babu dogo irin namu na ƙarfe biyu a jere da katako a tsakani da tsakuwa, wata shimfiɗaɗɗiyar hanya ce ta kankare da ƙarfe a kan ginshiƙai, jirgin ya rungume ta ta gefe da gefe, kamar yadda mutum yake riƙe bakin faranti yatsunsa suna ta ƙasa.

Bari in gwada yi muku bayani yadda na gane, in na yi kuskure Yaya Umar ya gyara tunda shi ne mai wayarin. A waɗannan yatsun da suka zagayo ta ƙasa akwai maganaɗisu, mayen ƙarfe dai, amma na lantarki, in aka ba shi wuta sai ya jawo kansa sama wajen ƙarfen da ke ƙarƙashin hanyar, to da ya jawo sama sai duk jirgin ya ɗagu. Abin mamakin shi ne ba a bari ya manne, tazarar da ake bari tsakaninsu kamar milimita 10 ce, kaurin ɗan yatsa bai kai ba ma, kwamfuta ce take auna ta sau dubbai a cikin sakan ɗaya tana ƙara wuta tana ragewa. Sannan ba shi da kan jirgi mai ja, babu loko kenan, injin a jikin hanyar aka shimfiɗa shi tun daga farko har ƙarshe, wutar da ke bin hanyar ita take jan jirgin gaba, in za a tsaya a juya ta ta riƙe shi. Hanya ce take tuƙa jirgi a nan Baba, na daɗe ina juya wannan maganar a raina.

Kuma ba ƴan Chaina ne suka ƙirƙiro shi ba, fasahar Jamusawa ce, kamfanin Siemens da ThyssenKrupp, sunanta Transrapid. Su Jamusawan sun yi shekaru suna gwaji a ƙasarsu ba su kai ga shimfiɗa na ɗaukan fasinja ba, sai a nan aka yi. A ƙarshen 2002 shugaban gwamnatin Jamus na lokacin Gerhard Schröder ya zo suka hau na gwaji tare da firaministan Chaina Zhu Rongji, a 2004 aka fara ɗaukan mutane sosai.

Cikinsa kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne, kujeru uku nan uku can, har sun ɗan tsufa, kuma rabinsu babu kowa. Abin da kowa yake kallo wani ɗan allo ne a saman ƙofar tarago mai nuna gudu. Muka zauna, Alhaji ya fara addu'ar hawa abin hawa, ni dai ban ji lokacin da muka ɗagu ba, kawai gani na yi tasha tana zamewa baya. Babu kacau-kacau ɗin nan na mahaɗar dogo, babu jijjigar da tarago yake yi in kan jirgi ya fizge shi, sai wani gunji ƙasa-ƙasa da ɗan rawa kaɗan. Allo ya nuna 80, 150, 220, kafin in gama zaro waya ya kai 300 ya tsaya a nan. Akwai babban titi a gefenmu, motoci suna gudu iya ƙarfinsu amma sai ka rantse fakin suka yi. Da muka zo kwana sai jirgin ya kishingiɗa gefe guda, gidaje suka karkace a taga, Alhaji ya damƙe hannun kujera yana salati. Can kuma sai ji muka yi fam! kamar an bugi taga da faifai, ashe ɗan'uwansa ne mai tafiya filin jirgi ya gifta mu, ban ma ga launinsa ba. Alhaji ya ce Bashir taya ce ta fashe? Na ce Alhaji ai ba shi da taya. Ya kalle ni ya ce to a kan me muke tafiya, na ce a kan iska, ya ce la'ilaha illallahu, shine ba ka faɗa min ba sai da muka hau.

Kilomita 30 ne, minti 8 muka yi. Na yi lissafi da wannan gudun Zariya zuwa Kaduna bai fi minti 16 ko 17 ba. Kuma wai a hakan an rage masa gudu ne tun 2021, da har 431 yake kaiwa, tafiyar minti 7 da ɗan ɗoriya, a wani gwaji da aka yi a 2003 ma ya taɓa 501.

Amma fa in faɗa muku gaskiya, na gane dalilin da ya sa kujeru suke wayam. Jirgin ba ya shiga tsakiyar gari, a wata tasha yake ajiye mutane da ake ce wa Longyang, daga nan ba shi da gaba, tasha biyu ce dama gaba ɗaya. To sai ga mu da manyan akwatuna biyu da jakar Ghana-must-go muna saukowa muna neman layi na 2 ɗin nan dai da muka guje wa, aka sake saka kayanmu a na'urar bincike, muka shiga cunkoson masu tashi daga aiki, Alhaji a tsaye da kumburarriyar ƙafa har wani yaro ya tashi ya ba shi wuri. Mintunan da muka ci riba rabinsu a nan suka zube. Mutanen gari sun san haka shi ya sa yawancinsu layi na 2 suke bi tun daga filin jirgi a kuɗi kaɗan, maglev ɗin sai baƙi da masu sauri da irina masu son ba da labari. Ni a ganina da kuɗin nawa ne ba zan dinga hawa ba, sau ɗayan nan dai ban yi da-na-sani ba. Alhaji kuwa cewa ya yi ranar komawa shi za mu sake hawa, yana so ya ɗauki bidiyon allon ya nuna a Kwari don in da baki ya faɗa ba mai yarda.

Washegari na raka shi tashar Hongqiao ya hau jirgin Yiwu inda zai yi sari, wannan mai ƙafa ne a kan dogo irin wanda kuka sani, sai dai shi ma yana kai 300. Ya ce zai yi kwana goma.

Na turo bidiyo biyu wayar Maryam, na farkon hannuna yana rawa, na biyun ya fi kyau, ku kalli allon saman ƙofar. Maryam ki ƙara hasken wayar ki riƙe wa Baba kusa. Kuma Baba ina so in ji ta bakinku, a yi min voice, in aka kawo muku wannan jirgin aka miƙo muku guduma aka ce ku duba lafiyarsa, ina za ku ƙwanƙwasa?

Zan ba Alhaji man zafin nan na gwiwa da kuka ce ya yi muku amfani, kwalba huɗu, da ɗan saƙon Inna, da cajar da Yaya Umar ya dame ni a kanta. Jarrabawa za mu fara wata mai kamawa, a saka ni a addu'a. A gaida Kawu Isa da Malam na masallaci da duk ƴan layinmu. In za ku kira ku tuna muna gabanku da awa 7, bayan azahar ɗinku ni dare ya yi min.

Ɗanku,
Bashir