Layin waya ma yana buƙatar kwaɗo

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki.

Don Allah ku ware fili guda kan maganar sim, saboda mutanenmu gani suke in sun sa wa waya fasuwod shikenan sun tsira, alhali ɓarayin yanzu ba wayar ce ta dame su ba, layin suke so. Watan jiya aka zare wa ƙanwata waya a adaidaita sahu wajen Kantin Kwari, kafin ta iso gida ta ari waya ta kira banki sun riga sun cire sim ɗin sun sa a wata ƙaramar waya, sun danna *565*0# BVN ɗinta, wato lambar shaidarta ta banki, ya fito, daga nan suka bi ta lambobin tura kuɗi suka yashe asusun tas, har bashi suka ci da sunanta. Kuɗin adashenta ne wallahi, na wata takwas, har yau in aka tuna mata sai ta yi hawaye.

Kuma fa akwai wanda ba sai an taɓa wayarka ba. A 2019 wani kamfanin tsaro na Ailan, AdaptiveMobile, ya bankaɗo wata kafa da suka kira Simjacker, wani ɓoyayyen saƙon tes ake turowa wanda kai ba za ka gani ba, ya ba wata tsohuwar manhaja da ke cikin sim ɗin umarni, sai wayarka ta faɗa wa masu turo saƙon inda kake. Ƙasashe 29 kamfanin ya lissafa waɗanda abin zai iya shafa, da Najeriya da Gana da Kamaru a ciki. Wannan kam ba laifin talaka ba ne, gyaransa na kamfanonin layi ne, kuma ya kamata ku gayyato hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, su faɗa mana da bakinsu ko an toshe.

Wanda ke hannunmu shi ne PIN na sim, wato lambar sirrin kulle layi, yana nan cikin saitin waya, in an sa shi duk wayar da aka mayar da layin sai ta tambaya, a yi kuskure sau 3 ya kulle sai da PUK, wato lambar buɗewa da ke jikin katin da sim ɗin ya zo da shi. Ni ban san da shi ba sai bayan abin ya faru. Ku yi bayaninsa da Hausa dalla-dalla, har da yadda ake adana katin nan mai ɗauke da PUK ɗin, don yawancinmu a shagon da muka sayi layin muke yar da shi.

Nagode.

Naku mai sauraro kullum, daga Kano